Peugeot 504 ɗin mahaifina ta yi kyau bayan gyara, amma tana mutuwa a hanya

Ɗan Mai 504

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa cewa uffan ba, amma yau tura ta kai bango.

Motar Peugeot 504 ce ƙirar 1978, injin fetur mai silinda huɗu, cc 1971, kafireta ta Solex, giyar hannu guda huɗu. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. A cikinta na koyi tuƙi, yana gefena yana cewa in saki kuloci a hankali. Bayan rasuwarsa ta yi shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin rumfa, tayoyi suka sace, ɓeraye suka mai da kujerar baya gidansu. Da aka fara maganar a sayar da ita a kilo, na ce a bar mini ita.

Shekara uku na yi a kanta. An sauke inji an buɗe, an sa sababbin ringi, an gyara bawul, an sa sabon gasket. An yanke ƙasan bodi inda tsatsa ta cinye aka yi walda, aka kankare tsohon fenti har sai da ƙarfe ya fito, aka fesa mata farin da ta zo da shi. An sauke tanki an wanke, aka zuba masa wani sinadari da ke like cikinsa don kada tsatsa ta dawo. Kujeru, kafet, robar ƙofa da ta gilashi, duk sababbi. Ranar da aka fito da ita daga wurin fenti na tsaya ina kallonta na kasa magana.

To ga damuwata. Da safe bugu ɗaya take tashi. Sulo lafiya lau, ba rawa ba tari. Tafiyar minti goma ko ashirin a cikin gari ba ta da matsala. Amma da zarar na hau babban titi na yi minti talatin zuwa arba'in, sai ta fara shaƙewa. In na taka totur, maimakon ta amsa sai ka ji kamar an riƙe ta ta baya. Ta yi fizga biyu ko uku, ta mutu. In na murɗa makulli, kik yana juya inji da ƙarfinsa amma ba ta kamawa. In na haƙura na zauna kamar rabin awa, sai ta tashi kamar ba ita ba, ta yi 'yar tafiya, ta sake mutuwa.

Abin da aka canza tun daga lokacin: koyil sau biyu, kwandansa sau uku, kwantak, filogi da wayoyinsu, famfon mai. An kwance kafireta an wanke sau biyu. Bakanike uku suka duba ta, kuma a gabansu ba ta taɓa yi ba ko sau ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ya bar ta a kunne awa biyu a gareji, ya ce mini motarka lafiyarta ƙalau. Sau ɗaya da ta mutu wani bawan Allah ya taimaka ya kawo mini fetur a galan, ina zubawa ta tashi nan take. Na ce ashe geji ne yake mini ƙarya, na sa aka canza fulot ɗin tanki. Tun daga nan ba na fita tafiya mai nisa sai na cika tanki fal, amma sai ma abin ya ƙara saurin zuwa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na makon jiya. Tun da aka fara gyaran nan mahaifiyata take tambaya yaushe za ta shiga. Na ɗauke ta. Ta zauna a gaba, inda take zama lokacin da shi yake tuƙawa, ta ɗora hannu a kan dashbod tana shafawa, ba ta ce komai ba. Ba mu kai kilomita 40 ba motar ta fara fizga. Na lallaɓa na sauka gefen titi, na buɗe bonet ina kallon inji ban san me zan taɓa ba. Rana ta take, manyan motoci suna wucewa iskarsu tana girgiza mu, ita kuma ga ciwon gwiwa. Na kira ƙanena ya zo ya ɗauke ta. Da za ta fita ta dafa ƙofa ta ce, “Shekara ashirin mahaifinka ya yi da motar nan, ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba.” Ba da faɗa ta faɗa ba. Maganar nan ce take hana ni barci.

Akwai ƙananan abubuwa kuma. Fitilun gaba ba su da ƙarfi, in na kunna su kik yana nauyi. A cikin cunkoso allurar zafi tana hawa har kusa da ja, sai na samu hanya ta sauko. Kullum da safe akwai ɗigon baƙin mai a ƙasa.

Tambayata biyu ce. Me yake kashe ta? Sannan ku da kuka riga ni, haka abin yake? Wannan fa ita ce motar da aka zaɓa gwarzuwar motocin Turai a 1969, irinta ce ta ci gasar tseren motoci ta Safari a 1975. Ban yarda cewa haka aka ƙera ta ba. Amma na fara jin tsoron makullinta, kuma na fara tambayar kaina ko shekara ukun nan hoto kawai na gyara.

Baba Tsohon Bakanike

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba mahaifiyarka lafiya.

Da farko ka daina sayen kaya. Duk abin da ka lissafa an canza shi ne bisa zato, kuma duk sabon abin da aka ɗaura ƙarin abin zargi ne. Musamman kwandansa. Na sha fitar da sabuwa daga kwali ta mutu cikin mako, in mai da tsohuwar da ta shekara talatin mota ta tashi. In tsofaffin kayan da aka cire suna nan, kada ka zubar.

Ciwon da ke zuwa ya tafi ba a gareji ake kama shi ba, a inda ta mutu ake kama shi, cikin minti biyun farko. Inji irin wannan in yana juyawa bai kama ba, ko wuta ce babu ko mai. Ka cire wayar tsakiya daga kan distirbuta, ka riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin inji, tazarar kamar milimita 6, wani ya buga maka kik. In ka ga tartsatsi shuɗi yana tsalle yana ƙara, wutarka lafiya, ka rabu da koyil da kwandansa. Sai ka mai da wayar, ka cire murfin abin tace iska, ka leƙa maƙogwaron kafireta da inji a kashe, ka ja totur da hannu. Ya kamata ka ga siririn fetur ya feso. In ba ka gani ba, kafireta ta bushe. Kada ka haɗa gwajin nan biyu a lokaci ɗaya, tartsatsi da fetur a buɗe ba sa zama wuri guda, kuma ka ajiye tukunyar kashe gobara a motar.

Amma ni tun daga labarin galan ɗin nan hankalina ya tafi wani wuri. Ka ce kana zuba mai ta tashi nan take. Kafin ka zuba, me ka fara yi? Murfin tanki ka buɗe. Ina zargin ba fetur ɗin ne ya tashe ta ba, buɗe murfin ne.

Tanki yana numfashi. Duk litar da famfo ya zuƙa, dole litar iska ta shiga ta maye gurbinta, ko ta ɗan rami a murfi ko ta wani siririn bututu, ya danganta da ƙirar. In hanyar nan ta toshe, famfo yana ja, tanki yana riƙewa, har a kai inda famfon ba zai iya ba. Famfon wannan motar inji ne ke motsa shi, 'yar fata ce a ciki tana sama da ƙasa, ba shi da wani ƙarfin zuƙa. Ka zauna rabin awa, iska ta sulala ta wata kafa, mota ta tashi. A sulo ba ta shan mai sosai, shi ya sa ta yi awa biyu a gareji ba ta nuna ba. Kuma in tanki ya cika fal, iskar da ke samansa kaɗan ce, sai abin ya fi saurin kamawa. Duk abin da ka faɗa ya zauna a kan wannan. Ga shi kuma ka ce an zuba wa tankin sinadarin liƙi. In ba a hura bututun ba kafin ya bushe, ya toshe shi.

In ta sake mutuwa, ka je ka sa kunne ka buɗe murfin a hankali. In ka ji ya ja iska, ka kama ɓarawonka. In ba ka ji komai ba kuma kafireta a bushe take, to ko dai liƙin ne yake ɓarewa yana rufe bakin bututun da ke ɗebo mai, in inji ya tsaya ya saki, ko kuma fetur ne ke tafasa a cikin tiyo. Na ƙarshen nan ban fi zarginsa ba, don ya fi faruwa a cunkoso ko bayan an kashe mota da zafinta, ba a kan babban titi da iska ke kaɗawa ba.

Abu Hanif

Ɗan'uwa, zan faɗa maka abin da ba ka so ka ji. Na riƙe Volkswagen Beetle shekara huɗu bayan na gyara ta tun daga ƙasa. Ban taɓa fita da ita hankalina a kwance ba. Kunnena kullum yana kan inji, idona yana kan madubi ko hayaƙi ya fara. Iyalina suka daina shiga. Ranar da na sayar da ita na yi baƙin ciki, amma na samu barci.

In za ka riƙe taka, ka cire kwantak da kwandansa ka sa wutar lantarki irin ta zamani da ke shiga cikin distirbuta, ba mai ganinta daga waje. Ka sa famfon mai na lantarki kusa da tanki. Ka canza duk wayoyin motar gaba ɗaya, don wayar da ta haura shekara arba'in robarta ta bushe. Kuma kada ka sake ɗaukar dattijuwa a cikinta zuwa nesa. Mota ce ta fita da yamma a zaga a dawo. Don zuwa inda ake jiranka, ka shiga wata.

Maman Nabila

Malam, na karanta abin da mahaifiyarka ta faɗa sai da idona ya kawo ruwa. Allah ya ƙara mata lafiya.

Tawa Mercedes-Benz 240D ce ta 1981, irin W123 ɗin nan da kowa ke cewa ba ta mutuwa. Watan farko bayan an gama gyaranta na dawo gida, na murɗa makulli na zare, inji ya ci gaba da aiki. Makulli a hannuna, mota tana ta kaɗawa. Ashe injin dizal ɗinta da zuƙar iska ake kashe shi, ta wasu siraran tiyo, kuma makullan ƙofofi ma da su suke aiki. Ɗaya ya tsage don tsufa. Sai da na buɗe bonet na danna ɗan hannun da aka rubuta STOP a kansa sannan ta yi shiru. Wanda ya yi mini gyaran ya yi fenti mai kyau, ya yi kujeru, amma tiyon da ba a gani ya bar shi yadda ya same shi. Shekarar farko sau shida aka jawo ni gida. Yanzu shekara ta biyar ke nan, bara ko sau ɗaya ba ta tsaya ba.

Ban yarda da Malam Abu Hanif cewa sai dai zagayen yamma ba, ko da yake na fahimci gajiyarsa. Abin da na gani shi ne, motar da aka kwance aka sake haɗawa ba ta gama gyaruwa ba ranar da ta bar gareji. Dubban noti aka kwance, hannu da yawa ya taɓa ta. Wani wurin an ɗaure da yawa, wani an manta, wani sabon kayan bai yi daidai da na asali ba. Duk wannan ba ya fitowa sai a kan hanya, da zafi da girgiza. Ni da'ira na riƙa yi. Kilomita 10 daga gida in dawo, sai 20, sai 50, da akwatin sifana da wanda zan kira. Na sayi ɗan littafi, duk abin da ta yi in rubuta: nisan da aka yi, yawan man da ke tanki, ko da rana ne ko da dare. Kuma abu ɗaya nake taɓawa a lokaci guda. In ka canza uku rana ɗaya ta warke, ba ka san wanne ne ba, in ta lalace ma ba ka sani ba.

Mutuwar inji ba ita ta fi ba ni tsoro a labarinka ba. Ba ka ambaci birki ba. Motar da ta yi shekara goma sha ɗaya a ajiye, tiyon birkinta na roba na iya kumbura ta ciki alhali waje lafiya. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa ma'aunin yana saukowa wajen 155, kuma a gangara mai tsawo za ka taka feda ta tafi ƙasa. Ka duba tayoyi kuma. A gefen kowace akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Taya tana iya zama da zanenta cif amma ta tsufa. Haka tiyon fetur: in man da kake sha yana da gaurayen etanol, yana cin tsohuwar roba, sai ka nemi wanda aka yi don shi.

Sannan ka tambayi Mama wani abu. Ka ce ta ba ka labarin yadda mahaifinka yake yi da motar a ranakun da ba ya zuwa aiki.

Ɗan Mai 504

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, wallahi ban taɓa kawo murfin nan a raina ba. Na tuna ma ranar galan ɗin sai da na sa hannu biyu kafin ya buɗu, na ɗauka sabuwar roba ce ta kama. Tsofaffin kayan suna nan a kwali. Hajiya Maman Nabila, an canza kofunan birki amma tiyon ban sani ba, zan duba gobe. Malam Abu Hanif, na ji maganarka kuma ban raina ta ba. In na canza wuta yanzu ban san ciwon ba, ina tsoron in ƙara wani a kan wani. Sayarwa dai ba zan iya ba.

Baba, zafin da take yi a cunkoso fa, da fitilun?

Baba Tsohon Bakanike

Fitila da nauyin kik, ka fara da at, wato wayar da ke haɗa batir da jikin mota. Motar da aka yi wa sabon fenti wannan ciwonta ne. Wuta tana fita daga batir ta waya, amma ta jikin ƙarfen mota take komawa. Mai fenti ya fesa ko'ina, mai haɗawa ya zo ya ɗaure wayar at a kan fenti. Ka kwance inda ta kama bodi da inda ta kama inji, ka kankare har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗaure, ka shafa giris a sama. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna wajen volt 12.6, in inji na aiki kuma wajen 14. In ka samu haka, altaneta ba ta da laifi.

Zafi kuma, ka lura da abin da ka faɗa: a tsaye take yi, a guje ta sauko. Wato lagireto yana aiki in iska ta ratsa shi, fanka ce ba ta ja. Yawancin 504 fankarsu ba a ɗaure take da fule kai tsaye ba. Maganaɗisu ne na lantarki ke kama ta in ruwa ya yi zafi, akwai suwicin zafi da ke ba shi wuta ta wani ɗan gawayi. In gawayin ya cinye ko suwicin ya mutu, za ka ga fanka tana juyawa a hankali ka ɗauka aiki take, alhali bin iska kawai take yi. Da inji a kashe, makulli a buɗe, ka haɗa wayoyi biyun suwicin. In ka ji ƙas, fanka ta kama ta yi tauri, to suwici ne. In shiru, ka duba gawayi da fis.

Kada ka yi wasa da zafin nan. Kan injin alminiyom ne, jikinsa ƙarfe, kuma silindojin hannun riga ne da ake zarewa, ruwa na zagaye su. In ya tafasa sosai kai yana iya lanƙwasa. In har ta kai ga an cire kan, kada kowa ya juya inji sai an danne hannayen rigar, in ba haka ba su ɗaga, abin da ya like ƙasansu ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa buɗe irinsa ba. A zamaninmu in an yi wa inji aiki, bayan kilomita 1,000 ana dawo da shi a sake ɗaure kai a saita bawul da sanyi, tazarar milimita 0.10 na shiga, 0.25 na fita, kwantak 0.40. An yi maka wannan? Sannan Peugeot daga wajen giyabos take fara ƙirga silinda ta ɗaya, ka tabbata wanda ya saita maka tayimin ya san haka.

Ɗan Mai 504

Na dawo da labari, ku yi haƙuri na yi kwana goma shiru.

Ranar Asabar na cika tanki, na ɗauki ƙanena, muka hau titin da ta saba mutuwa. Minti talatin da biyar ta fara fizga. Karo na farko ke nan da na ji daɗin jin ta tana yi. Muka sauka gefe. Wuta shuɗiya, tana tsalle. Maƙogwaron kafireta a bushe ƙayau. Na zaga baya, na durƙusa na kara kunne, na murɗa murfin. Ya ja iska da dogon sauti kamar an buɗe kwalbar da aka toshe, sannan na ji tankin ya yi ɓam daga ƙasa, ƙarfen da ya shige ciki ya dawo. Ƙanena ya buga kik, kafin a ƙirga goma ta kama. Na bar murfin a sassauce muka yi kilomita 60 ba ta ko yi tari ba.

Washegari muka sauke tankin. Bakin siririn bututun iskar a toshe yake da liƙin nan, ya bushe ya yi tauri kamar ƙaro, tsawonsa bai kai rabin ɗan yatsa ba. Da waya muka zungure shi ya faɗo a tafin hannuna. Na daɗe ina kallonsa. Koyil biyu, kwandansa uku, famfo, fulot, wata takwas na fargaba, da tsayuwar mahaifiyata a rana, duk wannan ɗan abin ne. Na sa shi a cikin littafin da Hajiya ta ce in saya.

At ma kamar yadda Baba ya faɗa, a kan fenti aka ɗaure ta, har da wanda ke ƙarƙashin wasan noti. Na kankare, fitilu suka yi haske, kik ya yi sauƙi. Sai yanzu na gane dalilin da wayar cok take ɗumi in na daɗe ina buga kik, ashe ta nan wutar take neman hanyar komawa. Fanka gawayinta ya cinye saura ɗan guntu, na samu wani. Tiyon birki na gaba na asali ne, da na lanƙwasa ɗaya sai ga tsaga-tsaga a jikinsa, na canza duka har da man. Taya biyu na baya sun haura shekara tara. Sake ɗaure kai da saita bawul ba wanda ya yi, ba wanda ya ma ce mini ana yi. Mako mai zuwa za a yi a gabana.

Hajiya, na tambayi Mama. Ta ce duk Asabar da safe, kafin ya karya, yana buɗe bonet. Ya duba ruwa, ya zaro sandar baƙin mai, ya danna fanbel da babban yatsa, ya zaga tayoyi. Ta ce akwai wata 'yar jakar fata da ba ya bari kowa ya taɓa, da kwantak da kwandansa da fanbel da fis a ciki, kuma sau da yawa yakan fita da motar shi kaɗai ya dawo hannunsa baƙi ƙirin, bai taɓa ce mata ga abin da ya faru ba. Ina yaro ina ganin wannan duka, ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Ta shiga ɗaki ta fito mini da jakar. Har da ma'aunin bawul ɗinsa a ciki, ya yi tsatsa kaɗan.

Ban sake ɗaukarta ba tukuna. Ina kan da'irar kilomita 50, ina so in yi sau biyar a jere ba abin da ya faru. Na yi uku. A na biyun allurar gudu ta fara rawa, ina jin wayarta ce ke son mai, na rubuta.

Saura ɗigon baƙin man. Na shimfiɗa kwali a ƙasa da dare, da safe tabon yana daidai inda inji ya haɗu da giyabos, faɗinsa kamar tafin hannun yaro. Baba, wannan sai an sauke giyabos, ko akwai inda zan fara dubawa daga sama ko gangarowa yake yi?